Baba ta Karo ko Daular Sakkwato: wanne ya kamata ka fara karantawa?

Duk wanda ya ɗaura niyyar sanin yadda ƙasar Hausa take kafin zuwan Turawa, in ya nemi shawarar masu karatu, da wuya a lissafa masa littattafai biyar ba a ambaci waɗannan biyun ba: The Sokoto Caliphate na Murray Last, wanda ya fito a 1967, da Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa, ya fito a 1954. Su ne a hannuna a 'yan kwanakin nan, kuma tambayar da ake yawan yi mini ita ce wanne za a fara nema, tunda kuɗin littafi yanzu ba wasa ba ne, lokacin zama a karanta kuwa ya fi kuɗin ma wuyar samu. Ra'ayina shi ne mafi yawanmu Baba ya kamata mu fara saurara. Sai dai akwai waɗanda wannan shawara ba za ta yi musu amfani ba, don haka gara in baje abin da ke cikin kowanne, mai karatu ya auna da kansa.

Littafin Last asalinsa kundin digirin digirgir ne da ya yi a Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960, a ƙarƙashin malamin tarihin nan da daga baya ya musulunta aka san shi da Abdullahi Smith. Abin da ya ba littafin daraja shi ne inda marubucin ya zauna ya yi aikinsa. Sakkwato ya tafi, ya tare a gidan Waziri Junaidu, tattaɓa-kunnen Gidado ɗan Laima, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997. A nan ya sami wasiƙu da littattafan Larabci da gidan wazirai ya adana tun zamanin Sarkin Musulmi Bello, ya kuma sami malamin da zai warware masa abin da ya shige duhu. Kafin wannan aiki, abin da ɗan makarantar boko yake karantawa game da jihadi yawanci daga rahoton razdan da jami'an mulkin mallaka ya fito, su kuwa labarin ƙabila ta ci ƙabila suka fi bayarwa. Last ya koma ga abin da Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello suka rubuta da hannunsu, ya nuna daula ce da malamai suka kafa bisa littafi da shari'a, mai tsarin mulki da muƙamai da hanyar aika saƙo, wadda ta rayu kusan shekara ɗari.

In ka buɗe shi za ka bi Shehu tun haihuwarsa a 1754, da zaman Degel, da yadda Jama'a, wato mabiyansa, ta yi ta ƙaruwa har sarakunan Gobir suka tsargu. Sai hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, da nasarar Tafkin Kwatto a wannan shekara, da mummunar asarar Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata da yawa, da ta Alwasa a 1805, har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wannan duk mun taɓa ji ko a makaranta ko a bakin masu wa'azi. Abin da ba a cika faɗa mana ba, shi kuma Last ya tsaya a kai, shi ne su wane ne suka yi yaƙin, kuma me kowa yake nema. Akwai malamai da almajirai da suka bar gidajensu saboda aƙida. Akwai shugabannin dangogin Fulani irin su Ali Jedo da Moyijo da Namoda, waɗanda suka zo da mayaƙansu, kuma ba kullum burinsu yake zama ɗaya da na malamai ba. Ka ga dalilin da ya sa Abdullahi ɗan Fodiyo ya ji zuciyarsa ta ƙi abin da yake gani na son duniya a cikin rundunar, ya kama hanyar gabas, sai mutanen Kano suka riƙe shi. Ka ga yadda aka raba kula da daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, da tsamin da ya shiga tsakaninsu bayan rasuwar Shehu a 1817, da tawayen Abdussalami, malami Ba'are wanda yana cikin manyan Jama'a tun farko. Littafin ba ya zagin kowa, ba ya kuma yi wa kowa kwalliya. Ya bar mutanen nan a matsayin mutane masu ilimi da tsoron Allah da suka ci karo da wahalar mulki, kuma ni wannan ya ƙara mini ganin girmansu.

Sashen da na fi jin daɗi shi ne na ribaɗi. Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya gane cewa cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban. Sai ya shiga kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, Wurno ce babbarsu kuma a can kabarinsa yake, yana zaunar da makiyaya, yana ɗora 'ya'yansa da danginsa a kan garuruwan, ana koyar da karatu da noma da sana'a. Dalili kuwa a fili yake: waɗanda aka kora ba su haƙura ba. Gobirawa sun kafa Tsibiri, Katsinawa sun kafa Maraɗi, Kabawa sun tsaya a Argungu, kuma har ƙarshen ƙarnin ba su daina kawo hari ba. Mai karatu daga Maraɗi ko Tasawa zai ga tarihin garinsu a nan, amma ta idon waɗanda kakanninsa suka yi gaba da su.

Kashi na ƙarshe na littafin kacokan a kan wazirci yake, daga Gidado, mijin Nana Asma'u, zuwa Waziri Buhari wanda Turawa suka tarar a 1903. Nan ne za ka ga yadda ake tafiyar da daular a aikace: waziri ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, shi ke kai takardar naɗi, shi ke sasanta rigima, ta hannunsa gaisuwa da haraji suke isa Sakkwato. Wanda yake son fahimtar yadda Basasar Kano ta ɓarke a 1893, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage a naɗa Tukur, Yusufawa, magoya bayan Yusufu, suka ƙi, to a nan zai ga irin tsaka mai wuyar da waziri ya shiga. Wannan sashe ya fi sauran nauyi, sunaye da nasabobi sun yi yawa, amma shi ne abin da ba za ka samu a wani wuri da wannan zurfin ba.

To ina gazawarsa? Daga zauren waziri aka hango daular, don haka abin da zauren waziri ba ya gani littafin ma ba ya gani sosai. Manomi da masaƙi da bawa da matar aure suna nan a bayan fage, ana jin motsinsu ne kawai in an zo maganar haraji ko ganima. Masarautu irin su Kano da Bauci da Adamawa suna shigowa ne gwargwadon hulɗarsu da Sakkwato. Hujjojin kuma mafi yawansu na waɗanda suka yi nasara ne, domin su suka bar rubutu. Ba laifin Last ba ne, abin da ya ce zai yi ke nan kuma ya yi shi, amma wanda ya karanta shi kaɗai zai iya tashi da zaton cewa ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 majalisar malamai ce da fagen fama kawai.

Baba kuwa ba ta taɓa shiga majalisar kowa ba. An haife ta wajen 1877 a Karo, wani ƙauye na ƙasar Kano kusa da Zarewa, ta wajen iyakar Zazzau. Kakanninta Barebari ne da suka taso daga Barno, mahaifinta manomi ne kuma malamin allo, gidansu gidan masu rinji ne, wato ƙauyen bayi masu noma. Tana da shekara saba'in da 'yan kai lokacin da Mary Smith ta same ta a Giwa, a ƙasar Zazzau. Mijin Mary, M. G. Smith, yana binciken tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, shi ne daga baya ya rubuta littafi a kan sarautar Zazzau daga 1800 zuwa 1950. Da yake namiji ba ya shiga cikin gida, matarsa ce ta shiga, ita ce ta yi sabo da Baba. Tsakanin Nuwamban 1949 da Janairun 1950 suka yi ta zama, Baba tana ba da labari da Hausa, Mary tana rubutawa, daga baya ta mayar da shi Turanci, mijinta ya yi gabatarwa da bayanai a ƙarshe. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba.

Abin da ya kama ni tun shafukan farko shi ne yadda take magana a kan bauta ba tare da kunya ko alfahari ba, kamar yadda mutum zai ba da labarin damina da rani. Ta bayyana yadda bayin gidansu suke fita gandu da hantsi, a kai musu abinci gona, da azahar a tashi kowa ya tafi gayaunarsa. Ta faɗi yadda ake aurar da su, yadda ake yi wa 'ya'yansu suna, yadda waɗanda aka haifa a gidan suke tashi tare da 'ya'yan masu gida suna kiran juna yaya da ƙane, amma kowa ya san matsayinsa. Mu da muka taso muna jin ana cewa wane cucanawa ne ko gidan wane bayin gidan wane ne, ana faɗa da raɗa, a nan za mu ga tushen maganar a fili.

Sai kuma tsoro. Yarintar Baba cike take da fargabar mahara. Ana cikin noma sai a ji kuwwa, kowa ya kwashi 'ya'ya ya ruga cikin gari mai ganuwa. Wanda aka kama, ɗa ne ko bawa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kasuwa za a kai shi, sai in danginsa sun bi sawu da kuɗin fansa. Akwai labarin da ta bayar wanda har yanzu yake yi mini yawo a rai: mahara suka faɗa wa gidan wani ɗan'uwan mahaifinta, suka tafi da matarsa da 'ya'yanta, matar kuwa tana da ciki. Aka yi ta cigiya har aka gano inda aka sayar da su. Da aka zo fansa, aka yanka kuɗin uwa, aka yanka na 'ya'ya, sannan wanda ya saye ta ya ce cikin ma sai an biya, tunda in ta haihu abin da ta haifa nasa ne. Aka tara kuɗin wuri aka biya. Ka tsaya ka yi tunanin mutanen gida suna zaune suna ƙirga wuri don fansar jaririn da bai zo duniya ba, a cikin ƙasar da littattafan shugabanninta suka haramta bautar da Musulmi ɗa. Wannan ba ya cikin wasiƙun waziri, kuma ba zan iya cewa na san ƙarni na 19 ba in ban san shi ba.

Rayuwar aurenta ma darasi ce. Sau huɗu ta yi aure. Na fari auren zumunci ne, tana 'yar shekara goma sha huɗu ko kusa da haka, aka ba ta ɗan'uwanta Duma, ta zauna don biyayya ga iyaye, daga baya ta fita. Sai Malam Maigari, wanda shi zuciyarta take so tun farko. Sai Malam Hasan, sai na ƙarshe da ta yi da tsufa, auren takalmi, tana gidanta miji yana zuwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'ya, ta aurar, ta zama uwa kuma kaka ga mutane da yawa, ta zama wadda ake kira in aure ya rikice ko haihuwa ta zo. A bakinta za ka ji yadda ake ƙulla ƙawance da yadda ƙawaye suke ɗaukar nauyin bikin juna, da kunyar ɗan fari, da wankan jego, da zaman kishiyoyi mai daɗi da marar daɗi, da kaɗi da saƙa da 'yan sana'o'in da mace take tara abin hannunta da su tana cikin kulle. Ta yi maganar bori da karuwai da jakadu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Matan da take bayyanawa ba abin tausayi ba ne. Suna da dabara, suna da dukiya, suna kai ƙara gaban alƙali, in aure ya ƙi su san yadda za su kashe shi. Wanda ya saba jin cewa matan da can ba su da bakin magana zai sha mamaki, haka ma wanda ya saba jin cewa a da aure ba ya mutuwa.

Akwai wurin da littattafan biyu suke haɗuwa, kuma nan ne na fi ganin amfanin ajiye su kusa da juna. Shekarun yarintar Baba su ne shekarun Sarkin Musulmi Umaru da Abdurrahman, su ne shekarun Waziri Buhari. Ƙasar da take zaune, tsakanin Kano da Zazzau, tana ƙarƙashin kulawar wannan waziri. A littafin Last za ka ga takarda ta tashi daga Sakkwato, an naɗa sarki ko an tuɓe shi, domin Sakkwato ta tuɓe sarakunan Zazzau ba sau ɗaya ba. A bakin Baba za ka ji abin da rigimar sarauta da raunin tsaro suke zama in sun iso ƙauye: gona ta kwana ba a nome ba, an kwana a bayan ganuwa, an nemi wani an rasa. Zuwan Turawa ma haka. A wajen Last ƙarshen daula ne: an ci Kano a Fabrairun 1903, an ci Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari ya tsaya da sauran jama'a. A wajen Baba kuwa abin da ta fi riƙewa shi ne hari ya ƙare, hanya ta yi lafiya, sannan bayin gidansu suka fara watsewa, wasu suka je gaban alƙali suka fanshi kansu, wasu suka gudu, noman gandu ya ja baya. Ta ce tun suna yara malamai suke faɗin za a zo da jirgin ƙasa, ga shi kuwa ya iso Kano a 1911. Ta kuma ce su Haɓe sun yi maraba da zuwan Turawa, Fulani masu sarauta ne ba su so ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce inda ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan da Baba, kuma ba na son a wuce ta da sauri. Tsohuwa ce take tuno abin da ya faru shekara hamsin baya. Da Baturiya take magana, a zamanin da Turawa ke mulki, kuma Bahaushiya mai kunya da sanin ya kamata ba za ta zauna da baƙuwarta tana kushe mutanen baƙuwar ba. Gidansu ma gidan masu bayi ne, don haka yadda ta kwatanta zaman rinji da sauƙi-sauƙi ba lallai haka bawan da ke cikinsa zai kwatanta ba. Muryar bawa babu ita a littafin nan, kamar yadda babu ita a na Last. Ga kuma hannun Mary Smith, wadda ta yi tambayoyi, ta jera labaran bisa tsarin shekaru, ta fassara. Duk da haka ban yarda a yar da shaidar Baba don waɗannan dalilai ba. Wadda aka sace mata dangi aka sayar tana da hujjar jin sanyi ranar da aka daina satar mutane, ko wane ne ya hana. Gaskiyar da ke cikin maganarta tana da ɗaci a gare mu, domin mun fi son labarin Burmi da Satiru, inda aka yi wa Turawa turjiya, amma tana cikin tarihinmu. Kuma ko dokar Turawan ba ta kashe bauta nan take ba: 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 aka ce 'ya'ya ne ba bayi ba, ita kanta bautar sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Abin da Baba ta gani na watsewar rinji a hankali ya yi daidai da wannan.

Ta fuskar amincin hujja, Last ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kusan kowace magana tana da madogara a ƙasan shafi, ya faɗi littafin da ya ɗauko ta, in ruwayoyi sun saɓa ya nuna. In kana neman shekarar da abu ya faru, ko wa ya gaji wa, ko wane ne ya auri 'yar wane a gidan Shehu, wajensa za ka. Baba ba ta ƙirga shekaru da lamba. Da sarautar wane, da shekarar yunwa, da auren wance take auna lokaci, kuma tana iya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Kada ɗalibi ya ɗauki kwanan wata daga bakinta ya kai wa malaminsa.

Ta fuskar daɗin karatu kuwa, abin ya juya. Turancin Baba of Karo mai sauƙi ne, gajerun jimloli, kuma Bahaushe yana karantawa yana jin Hausar da ke ƙarƙashi, har ya riƙa mayar da maganar yadda tsohuwar ta faɗe ta. Wanda ya gama sakandare zai iya cinye shi ba tare da ƙamus a gefe ba. Kamar zama ne a ɗakin kaka bayan sallar isha'i, labari yana jan labari, wani lokaci ta saki wannan ta kama wancan, sunayen dangi su yi maka yawa har ka rasa wane ne ƙanin wane. In haka ta faru kada ka tsaya warwarewa, ci gaba kawai, zaren zai dawo hannunka. Na Last kuwa littafin jami'a ne. Sunaye da sigar Larabci aka rubuta su, sai ka yi ɗan tunani kafin ka gane cewa wannan Aliyu Babba ne, wancan Ahmadu Rufa'i. Doguwar gabatarwar da ya yi a kan madogarai taska ce ga mai bincike, amma tana iya kashe wa sabon shiga gwiwa tun bai kai Degel ba. Sauƙin da aka samu shi ne an fassara shi zuwa Hausa da sunan Daular Sakkwato, don haka wanda Turanci yake yi wa nauyi yana da mafita.

Me ya sa na ce a fara da Baba? Domin ɓangaren da Last ya rubuta muna da rabinsa a ka tun kafin mu buɗe littafi. Mun san Shehu, mun san Bello da Nana Asma'u, ana kai ziyara Hubbare, ana rera waƙoƙinsu, makarantu da tituna suna ɗauke da sunayensu. Abin da Last zai yi mana shi ne gyara da cikawa da daidaita shekaru. Ɓangaren Baba kuwa shi ne wanda yake ɓacewa. Tsofaffin da suka ga rinji da idonsu sun ƙare, waɗanda suka ji daga bakinsu ma suna ƙarewa, kuma abubuwa ne da gidaje da yawa ba sa son a tayar. Mafi yawanmu ba jikokin wazirai ba ne. Jikokin manoma ne da fatake da masaƙa da bayi da masu bayi, kuma rayuwar kakanninmu mata ta fi kusa da ta Baba fiye da ta duk wanda ke cikin littafin Last. Bayan haka, wanda ya fara da Baba yana zuwa wajen Last da tambayoyi a bakinsa: wa ke da alhakin tsaron ƙauyen nan, ina sarki yake, ina alƙali, me Sakkwato ta sani? Da waɗannan tambayoyi sashen wazirci mai nauyin nan sai ya zama abin da kake ɗokin karantawa. In aka juya tsarin, sau da yawa mutum yakan gaji a tsakiyar nasabobi ya ajiye, bai kai ga ko ɗaya ba.

Amma in kai ɗalibin tarihi ne ko na nazarin addinin Musulunci, ko kana shirin rubuta kundi, ko malami ne kai da za ka tsaya gaban aji ka koyar da jihadi, fara da Last, kada ma ka yi shawara. Haka wanda ya tsinci kansa cikin gardandamin da ake yi a Facebook kan Hausa da Fulani da jihadin Shehu, inda kowa yake jefo magana ba madogara. Wannan gardama tana da zafi kuma tana raba zumunci, kuma Last zai nuna maka cewa a cikin Jama'ar Shehu akwai Hausawa da Fulani da Buzaye, a cikin masu yaƙarsa ma haka, ya kuma nuna maka inda ƙabila ta yi tasiri da gaske ba tare da ya ɓoye ba. Wanda ya karanta shi da zuciya ɗaya zai rage saurin yanke hukunci, ko wane ɓangare yake. Sai dai in ka gama, ka nemi wanda ya kalli abin daga wata masarauta, kamar aikin Yusufu Bala Usman a kan Katsina da ya fito a 1981, don kada Sakkwato ta zama ita kaɗai ce tagarka.

Ga mata kuwa, musamman masu rubutun labarai da masu shirya fim da suke son su san yadda ake biki da zaman gida da magana a da, ba ni da wata shakka: Baba. Akwai abin da za a gina labari goma a kansa a cikin babi ɗaya nata, kuma ba sai an ƙirƙiro al'adar da ba a taɓa yi ba.

Wajen samu, na Last ya fi sauƙi a Najeriya, tunda an sake buga shi a gida kuma ga fassarar Hausa. Na Baba an sake buga shi a Amurka a 1981, a maɗaba'ar Jami'ar Yale, kuma wannan bugun aka fi cin karo da shi, yawanci a hannun masu sayar da tsofaffin littattafai ko ta intanet. Wanda yake kusa da Zariya ko Kaduna ko Kano ko Sakkwato ya fara leƙa ɗakin karatu na jami'a ko Gidan Arewa kafin ya kashe kuɗinsa. In Last ka samu, tsallake gabatarwar madogarai ka fara daga rayuwar Shehu, ka ajiye takarda a gefe kana rubuta sunayen sarakunan Musulmi da wazirai da shekarunsu, ka koma wa gabatarwar bayan ka gama. In Baba ce, ita ma bar gabatarwar M. G. Smith sai daga baya, domin an yi ta ne don baƙon da bai san mene ne gandu ko kishiya ba. Bayanan ƙarshen littafin kuwa ka riƙa leƙa su kana tafiya, a nan yake faɗin sarkin da Baba take nufi da shekarar da abin ya faru.